Neman shawara: yaya ake riƙe lissafin nau'o'in tsuntsayen da mutum ya gani a shekara?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum. Malamai, shawararku nake nema. In Allah ya kai mu 1 ga Janairu ina so in fara riƙe lissafin nau'o'in tsuntsayen da na gani, har zuwa 31 ga Disamba. Yawancin fitata a kewayen Kano ne, sai ɗan leƙa Jigawa ko Bauci idan hali ya yi. Kayan da ke hannuna su ne madubin hangen nesa 8x42, waya da littafin rubutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wane tsuntsu ke shiga lissafi, wane ne ba ya shiga. Wanda na ji kukansa ban gan shi ba fa? Tattabarun unguwa da zabin gida fa? Sannan ga matsalar suna: in na rubuta "kurciya" yau, gobe na ga wata kurciyar da ba irinta ba, me zan rubuta? Kuma littafi ya fi ko manhaja? Na gode.

Malam Ɗanfadama

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka fita ko sau ɗaya, buɗe shafin farko na littafin ka rubuta dokokinka. Dokar da aka kafa bayan an ga tsuntsu, son rai take bi. Ka rubuta iyakar ƙasar da lissafin ya ƙunsa: jihar Kano kaɗai, ko Nijeriya baki ɗaya. Kana iya riƙe biyun, amma kowanne da shafinsa.

Sharuɗɗan da masu wannan harka suka fi yarda da su uku ne. Tsuntsun ya kasance mai rai, ya kasance na daji wanda ba ya hannun kowa, kuma kai da kanka ka gane shi. Na ukun nan shi ne aka fi takawa. Idan abokin tafiya ya ce "ga tsuntsu kaza can" kai kuwa inuwa kawai ka ga ta gilma cikin sabara, shi ya samu, kai ba ka samu ba.

Da wannan ma'auni zabin gida, agwagi, talotalo, ɗawisu, aku a keji da kanarin da ake sayarwa a kasuwa duk sun fita. Wanda mota ta buge ko wanda mafarauci ya rataya shi ma ya fita, ko da yake yana da kyau a rubuta shi a gefe da rana da wuri. Gauraka ce tarkon da ya fi kama mutane. A daji ta yi ƙarancin da kusan a ce ta ƙare a Nijeriya, amma ana ajiye ta a gidajen masu hali da lambunan shaƙatawa, sau da yawa an datse mata fiffike. Wadda ka gani tana taku a cikin katanga ba ta shiga. Zabo kuma sai an yi hankali da shi a bakin ƙauye, don na gida sukan yi nisa wajen kiwo. Farin gashi a ƙirji ko a fiffike alamar na gida ce. Tattabara ana ƙirga wadda ta koma zaman kanta tana sheƙa a gine-gine, sai dai a garuruwanmu yawancin garken da ke shawagi da magariba ɗakin wani suke komawa, don haka shawarata a bar ta. Hasbiya ta daji ce, rubuta ta ba fargaba.

Kuka yana shiga lissafi, in dai ka san kukan sani na gaskiya. Mujiya, yautai, suda da ragon-maza an fi jin su fiye da ganinsu. Sa harafin J a gaban wanda aka ji kawai, ranar da ka gan shi ka mayar da shi G. Amma a kula, akwai masu kwaikwayo. Cossypha niveicapilla, wanda ke zama cikin duhuwar bakin rafi, yana rera kukan wasu tsuntsaye da yawa a jere, har da na shaho. In ka ji kukan tsuntsun da bai kamata a same shi a irin wurin ba yana fitowa daga ƙasan kurmi, kada ka yi saurin rubutawa.

Yanzu batun suna, wanda shi ne ƙashin bayan tambayarka. Hausa tana da sunaye masu kyau waɗanda kowanne ya tsaya kan nau'i guda: shamuwa, hankaka, burtu, gaggafa, bardo, kirinjijiya, dinya, alhudahuda. Amma wasu sunayen buhu ne da aka zuba nau'o'i da yawa a ciki, kuma suna yakan sauya daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Damagaram. Saboda haka ginshiƙin lissafi sunan kimiyya ne, na Hausa ya biyo baya a gefensa. Littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma shi ne wanda aka fi riƙewa a yankinmu, bugu na biyu ya fito a 2014, kuma kowane zane da sunan kimiyyarsa.

Ɗauki kurciyar da ka ambata. Ta cikin gida, mai ɗige-ɗige a ƙirji ba baƙin zobe a wuya, ita ce Spilopelia senegalensis. Masu baƙin rabin zobe a ƙeya kuwa aƙalla huɗu ne a arewa. Streptopelia vinacea ƙarama ce, idonta baƙi, kanta da ɗan ja-ja, kukanta gajere mai sauri da take ta maimaitawa da tsakar rana. Streptopelia decipiens kanta toka-toka, idonta rawaya da jan zobe kewaye da shi, tana son bakin ruwa da itatuwan gabaruwa, kuma in ta sauka takan yi wani gurnani mai karkarwa. Streptopelia semitorquata ta fi su girma da duhu, kukanta gaɓa shida. Streptopelia roseogrisea ta fi su haske, ta can Sahel ce. Ga Streptopelia turtur mai zuwa daga Turai da rani, ga Streptopelia hypopyrrha ta tsaunukan Jos. Wanda ya rubuta "kurciya" sau ɗaya ya yi asarar nau'i biyar ko shida.

Haka zalɓe. Ardea cinerea da Ardea melanocephala suna kama daga nesa, amma jira su tashi: na biyun ƙarƙashin fiffikensa fari ne daga gaba baƙi daga baya, na farkon kuwa toka ne bai ɗaya. Na biyun kuma shi ne ake gani yana farauta a busasshiyar gona nesa da ruwa. Fararen ma ba duka ne balbela ba. Mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu da rawayen yatsu Egretta garzetta ne. Tsakanin babban fari da matsakaicinsa, dubi layin da ya taso daga kusurwar baki: in ya wuce bayan ido babban ne, in ya tsaya a ƙarƙashin ido matsakaicin ne. Tsattsewa kuwa ta haɗa dangi biyu da ba su da kusanci ko kaɗan. Masu sheƙa a ƙarƙashin gada, masu farin gindi da guntuwar wutsiya, Apus affinis ne. Siririyar nan mai doguwar wutsiya da ba ta rabuwa da giginya Cypsiurus parvus ce. Masu jeruwa a kan wayar lantarki dangin Hirundo ne, don waɗancan biyun ba sa sauka a waya.

Wanda ka kasa kai shi ga nau'i, rubuta shi da sunan danginsa, misali "Streptopelia, ban tantance ba", kuma kada ya samu lamba.

Hajiya Tsanwaka

Malam ya gama da dokoki. Ni abin da zan ƙara shi ne wanda ba ka tambaya ba, ɗana, kuma shi ke yanke yawan abin da za ka samu: lokaci.

Tsuntsayenmu kashi uku ne. Akwai 'yan gida da ke nan shekara duka, akwai 'yan cirani daga Turai da Asiya waɗanda ke fara isowa wajen Satumba da Oktoba su koma tsakanin Maris da Afrilu, sannan akwai baƙin damina masu biyo ruwa daga kudu. Shekarar Janairu zuwa Disamba ta raba zaman 'yan cirani biyu, wato kana da dama biyu a kansu, farkon shekara da ƙarshenta. Baƙin damina kuwa damarsu ɗaya ce tal. Wanda ya wuce ka a Agusta sai baɗi. Mutane da yawa sukan zuba ƙarfinsu duka a Janairu, in ruwa ya sauka hanyoyi suka lalace su zauna a gida, daga baya su rasa dalilin da lambarsu ta tsaya cak.

Janairu da Fabrairu na ruwa ne. Fadamun Haɗeja da Nguru su ne babban wurin arewa, inda aka rubuta nau'o'i sama da 300. Daga Kano, Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta fi kusa, sai tafkin Nguru da Dagona a Yobe. Can ake samun agwagin Turai irin su Spatula querquedula da Anas acuta cikin kirinjijiya da dinya, da garken Calidris pugnax a gonakin shinkafa, da Circus aeruginosus yana shawagi ƙasa-ƙasa kan ciyawa. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, kuma bin masu ƙidayar ya fi karatun wata guda amfani. Kafin ka kama hanya ka tambayi inda ruwa yake a bana. Ambaliyar fadamar ta dogara da damina da kuma abin da aka saki daga madatsun Tiga da Challawa, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, don haka inda aka ga tsuntsaye bara yana iya zama ƙeƙasasshen fili bana. Tafkin Maladumba kusa da Misau ma yana da kyau in hanyar Bauci ka bi.

Maris da Afrilu akwai zafi, amma lokacin ne 'yan cirani ke sa kayan adonsu kafin su tafi, ganewa ta yi sauƙi. Namijin Motacilla flava da ke bin ƙafafun shanu ya zama rawaya shar. Ruwa ya janye, duk abin da ke daji yana taruwa a 'yan kududdufan da suka rage. Yankari a nan take da daɗi, musamman bakin kogin Gaji. An rubuta nau'o'i sama da 350 a can, kuma nan ne akan dace da burtu da gaggafa da zabin daji waɗanda babu shakka a kansu, da Merops bulocki masu haƙa ramukan sheƙa a gaɓar kogi. Daga ƙarshen rani zuwa bazara ne kuma namijin yautai Caprimulgus longipennis ke ɗauke da dogayen gashi biyu masu kama da tuta a fuka-fuki. In tutocin suka zube, raba shi da sauran yautai a hasken tocila sai gwani.

Shamuwa tana isowa da bazara, kowa ya san wannan. Tare da ita ko bayanta kaɗan akwai Chrysococcyx caprius mai ƙwai a sheƙar kabare, da Halcyon leucocephala, da Butastur rufipennis, da Merops albicollis wanda ke wucewa zuwa Sahel don yin sheƙa. Rubuta ranar da ka fara ganin kowanne. Bayan shekara uku ko huɗu waɗannan ranakun sun fi jimillar lissafin daraja.

Yuli zuwa Oktoba shi ne lokacin da ba a wasa da shi. Kabare da danginsa, jan-baki, dangin Euplectes da zalaidu duk a lokacin mazansu ke cikin ado. Euplectes franciscanus ja da baƙi a kan karan gero, Euplectes afer rawaya da baƙi a ciyawar fadama, Euplectes hordeaceus mai baƙaƙen fuka-fuki. Da rani dukansu sukan koma ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa da zane-zane, maza da mata kamar an tsaga kara, har ƙwararru sukan ɗaga hannu. Saboda haka kada ka ɓata safiyar Janairu kana fama da su, jira damina su faɗa maka sunansu da kansu.

In za ka iya tafiya ɗaya mai nisa a shekara, ka sa ta Jos daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu. Dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ƙarami ne amma nau'o'insa sun kai wajen 300, kuma duwatsunsa na da abin da filin Kano ba shi da shi: kazar dutse, da Lagonosticta sanguinodorsalis wanda sai a 1998 aka bayyana shi ga kimiyya, da Vidua maryae mai ƙwai a sheƙarsa. Wurin bincike ne, a nemi izini kafin a shiga.

Batun sa'a: daga bayan sallar asuba zuwa wajen ƙarfe 10, rana a bayanka. Manyan masu shawagi ba sa tashi sai iska ta ɗumama, don haka daga ƙarfe 9 a riƙa ɗaga kai. Bayan la'asar a zauna a bakin ruwa. Ranar da hazo ya yi kauri launi yakan mutu, komai ya koma toka, sai a dogara da siffa da tafiya da kuka. Ƙurar hunturu kuma tana cin gilashi: a hure ta tukuna kafin a goge, kada a sa bakin riga.

Wani abu kuma. Mutum da madubi da kyamara a bakin gonar mutane yana jawo tambaya. A fara da gaida mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a tambayi lafiyar hanya kafin a shiga kowane daji. Masunta da makiyaya sun fi kowa sanin inda tsuntsu ke kwana.

Injiniya Burtu

Littafi ko manhaja? Biyun, kowanne da aikinsa. Littafi na fili ne, don batir yakan mutu, waya takan yi zafi ta ɗauke a ranar Afrilu, kuma zanen kan tsuntsu da fensir ya fi dogon bayani. Fensir, ba biro ba, saboda ruwa da gumi. Manhaja kuma ita ce ma'aji da mai ƙirga.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya riƙe jerin shekara kaɗai, wato yana rubuta sabon tsuntsu ne kawai. Daidai shi ne kowace fita ta samu cikakken jerinta: rana, wuri, lokacin farawa, tsawon lokaci, nisan da aka taka, da duk nau'in da aka gane, har gwara da hankaka, kowanne da adadinsa. Jerin shekara daga waɗannan yake fitowa. Amfaninsa shi ne in daga baya ka gano cewa abin da ka rubuta ranar 9 ga Fabrairu kuskure ne, kana da rana ta biyu da za ta maye gurbinsa. Kuma in bana ka samu fiye da bara, za ka san ko tsuntsaye ne suka ƙaru ko fitarka ce ta ƙaru.

eBird, wadda ɗakin binciken tsuntsaye na jami'ar Cornell a Amurka ke gudanarwa, kyauta ce kuma tana fitar da jimillar shekara da kanta, ta ƙasa da ta jiha. Sauke ƙunshin sunayen tsuntsayen Nijeriya tun kana gida, bayan haka tana aiki ba intanet, ka tura in ka dawo. Za ta tambaye ka ko a tsaye ka yi kallon, ko kana tafiya, ko kuwa tsintuwa ce ka gani kana wani aiki. Shawararsu ita ce jerin tafiya kada ya wuce kilomita 8, na tsaye kuma kada ya wuce awa 3, kuma in ka bar fadama ka shiga gona ka buɗe sabo. Kada a haɗa Kano zuwa Haɗeja a jeri ɗaya. A ƙarshe tana tambaya ko ka rubuta duk abin da ka gane. Amsa "e" sai in da gaske ne, don da wannan amsar masu bincike ke gane inda tsuntsu ba ya nan. Wanda aka shigar da sunan dangi kawai, ko "wannan ko wancan", manhajar ba ta ƙirga shi a jimilla, daidai da abin da Malam ya ce. In ka shigar da abin da ba a saba gani ba a wurin ko a watan, za ta nemi bayani, kuma wani mai tantancewa na iya aiko maka da tambaya. Ba zargi ba ne. Rubuta abin da idonka ya gani, launin baki, ƙafa, girma idan an gwada da na kusa da shi, ba abin da littafi ya ce ba.

Adadi: lamba ta fi alamar X ko da kintace ce. Ga babban garke, ƙirga goma, ka ga girman wurin da suka ci, ka auna sauran da shi goma-goma, in sun yi yawa hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Ido yakan rage yawan babban garke, ba ya ƙarawa.

Merlin, manhajar gane tsuntsu, tana taimakawa da hoto, amma sashenta na gane kuka bai ƙware da tsuntsayen Afirka ta Yamma kamar yadda ya ƙware da na Amurka da Turai ba. Abin da ta faɗa shawara ce, ba ya shiga lissafi sai ka tabbatar. Ya fi kyau ka naɗi kukan na daƙiƙa 30 ko fiye, a ƙarshe ka faɗi rana da wuri da bakinka a cikin naɗin, ka gwada da na xeno-canto, shafin intanet da ke tara kukan tsuntsaye, a gida.

In ka fi son Excel ko Google Sheets, shafi biyu: na duk fita, da na shekara. A na shekara layi ɗaya ga nau'i ɗaya, da gurbin sunan kimiyya, sunan Hausa, ranar farko, wuri, G ko J, da hujja. Abubuwa biyu ke lalata shi. Na farko rana: kwamfuta takan juya 3/4 ta koma 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, don haka a rubuta shekara, wata, rana, kamar 2026-04-03. Na biyu maimaici: "zalɓe" da "zalbe" abu biyu ne a wurin kwamfuta, haka suna mai ragowar sarari a ƙarshensa. A sa COUNTIF, umarnin da ke ƙirga sau nawa abu ya fito, a kan gurbin sunan kimiyya, duk layin da ya nuna 2 an ƙirga shi sau biyu.

Sabon Shiga

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu. Shirwa ɗaya ce ko biyu? Na ga wani jeri ya raba ta, wani bai raba ba. Sannan ko zan iya bin shekarar Hijira maimakon ta Miladiyya?

Malam Ɗanfadama

Amin. Shirwa ta kawo mu ga dokar da na manta: zaɓi jerin sunaye ɗaya na duniya ka tsaya a kansa har shekara ta ƙare, ka rubuta sunansa da bugunsa a shafin dokoki. Masana ba su gama daidaitawa ba kan inda nau'i ya tsaya. Shirwarmu mai rawayen baki, wasu sun ɗauke ta nau'i mai zaman kansa, Milvus aegyptius, wasu sun ɗauke ta reshen Milvus migrans, mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai da rani. Mafita ita ce a littafin fili ka riƙa rubuta wacce ka gani, ko da jerinka ya haɗe su. In an raba gobe, hujjarka na nan. Amma ga inda ake faɗawa rami: 'ya'yan mai rawayen baki su ma bakinsu baƙi ne har su girma. Baƙin baki kaɗai bai isa a ce ta Turai ce ba. Ana neman babba mai hasken kai, toka-toka da zane, kuma a lokacin rani.

eBird tana sabunta sunaye sau ɗaya a shekara, galibi wajen Oktoba, don haka kada ka firgita in ka wayi gari jimillarka ta motsa da ɗaya, ko ka ga suna ya sauya. Balbela ma da aka daɗe ana kira Bubulcus ibis, wasu jerin yanzu Ardea ibis suke rubutawa. Tsuntsu ɗaya ne, kada ya hau layi biyu.

Inda ya fi shirwa wuya shi ne baƙaƙen Vidua masu sheƙi, waɗanda Hajiya ta taɓo. Mazansu kusan kamarsu ɗaya, kuma abin da ke raba su da tabbaci shi ne waƙa, don kowanne yana kwaikwayon tsuntsun da ya rene shi. Na cikin gari, Vidua chalybeata, jajayen ƙafafu gare shi kuma yana kwaikwayon Lagonosticta senegala, ɗan jan tsuntsun nan mai tsintar tsaba a tsakar gida. Na Amurum kuwa ba a rubuta shi Vidua maryae don kawai an gan shi a Amurum, akwai 'yan'uwansa a yankin. A tsaya a saurari waƙar, a naɗa.

Shekarar Hijira ba laifi in don kanka ne, amma kwana 354 ce ko 355, tana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, tsuntsu kuwa damina da rani yake bi. Bayan 'yan shekaru farkon lissafinka zai faɗa wani yanayi dabam, gwada shekara da shekara ya gagara. Manhajojin ma duk Janairu suke farawa.

Ɗan Atlas

Ƙari kaɗan kan na Injiniya. Tunda za ka riƙa fita, ka sa fitar ta yi aiki biyu. Aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda APLORI ta fara a 2015, ya yanka ƙasar gida-gida, kowane gida minti 5 na tsaye da minti 5 na kwance a ma'aunin taswira, wato wajen kilomita 9 kowane gefe. Da manhajar BirdLasser ake yi, ita ke nuna maka gidan da kake ciki. Cikakken kati, wato jerin tsuntsayen da ake miƙa wa aikin, yana bukatar aƙalla awa 2 na nema da gaske a cikin gida ɗaya, a zaga duk irin wuraren da ke cikinsa, gona, rafi, gari, dutse, kuma ana iya ci gaba da ƙara masa har kwana 5. Ana shigar da tsuntsaye bisa jerin yadda aka gan su. Ga mai lissafin shekara ribarsa ita ce yana tilasta maka shiga wuraren da da ba za ka kalla ba, kuma nan ne sababbin nau'o'i ke fitowa bayan lamba ta daina motsi a wuraren da ka saba.

Sai batun ungulu. Necrosyrtes monachus, wadda a da take cika mayanka da kasuwa, tun 2015 tana cikin rukunin da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta na cikin manyan dalilan. In ka dace da ita ka rubuta, da adadi, amma itacen da take sheƙa ko kwana kada ya fita a Facebook ko a taron WhatsApp. Haka sheƙar mujiya, da tuje, da gauraka in Allah ya sa ka ga ta daji. A bainar jama'a sunan ƙaramar hukuma ya isa, ainihin wurin ya tsaya a littafinka.